Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Maganin Ƙarambau Ga Yara Masu Raunin Garkuwar Jiki

Zuwa ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da shugabannin asibitocin koyarwa.

Ƙarambau ga yaro mai ƙoshin lafiya cuta ce ta ƙaiƙayi da zazzaɓi, cikin mako guda ƙurajen sun bushe. Ga yaron da garkuwar jikinsa ta raunana kuwa, lamarin daban ne. Mai sankarar jini da ke shan maganin cutar daji, da mai ɗauke da cutar ƙanjamau, da wanda aka daɗe ana ba prednisolone saboda ciwon ƙoda, ƙwayar cutar kan bi jininsu ta kama huhu da hanta, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Sau da yawa matsanancin ciwon ciki ko na baya ne ke fara bayyana kafin ƙurji ko ɗaya ya fito, sai a ɗauka wani ciwon ne daban.

Maganinsa sananne ne, wato acyclovir, wanda ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma ƙwayar da ake haɗiya, kaɗan daga cikinta ke shiga jini, don haka ba ta isar wa irin waɗannan yara. Ta jijiya ake ba su, duk bayan awa 8, tsawon kwana 7 zuwa 10. Kowace allura a hankali take shiga, cikin awa guda, tare da isasshen ƙarin ruwa, domin maganin kan daskare a cikin ƙoda idan jiki ya bushe. Amfaninsa kuma ya fi yawa idan an fara da wuri. Uban da aka miƙa wa takardar magani da tsakar dare ya fita neman allurar a shagunan magani na gari, kafin ya dawo cutar ta yi nisa.

Saboda haka ya dace a ajiye allurar a ɗakin yara masu cutar daji, a kuma ba likitan da ke bakin aiki ikon farawa da zarar ya yi zargi, ba sai sakamakon gwaji ya fito ba. A riƙa auna aikin ƙoda tun daga ranar farko.

Cutar kan ɓuya kwana 10 zuwa 21 kafin ta bayyana. Ke nan yaro guda mai ƙurji a ɗaki ya isa a keɓe shi, a sa ido kan maƙwabtan gadonsa har mako uku. Rigakafinta mai rai ne, ba a yi wa masu raunin garkuwa, sai dai a yi wa ma'aikatan jinya da 'yan'uwan da ke kwana ɗaki ɗaya da yaron.