Wasiƙa Zuwa ga Matasa Direbobin Kiren

'Ya'yana,

Yabonku ba zai gagare ni ba. Kun fi mu saurin hannu, kun iya karanta allon kwamfutar da ke cikin Tadano da Liebherr da XCMG na yanzu, kuna shigar da kiren lungun da a zamaninmu ko kallonsa ba za mu yi ba. Allah ya yi albarka.

Amma akwai ɗabi'ar da ta hana ni yin shiru: kashe na'urar gargaɗi. Da ta fara ƙara, sai a murɗa makullin tsallake ta, wani ma ya ɗaure shi da waya don kada ta dame shi. Wa ya koya muku wannan?

Tan 50 da aka rubuta a jikin mota yana nufin kayan da ke gab da ita, kamar mita 3, hannu kuma a takure. Miƙa hannun zuwa mita 20, ko kashi ɗaya bisa biyar na wannan ba zai ɗaga ba. Duk tazarar da kaya suka ƙara daga tsakiyar mota, ƙarfin kifar da ita suke ƙarawa, ƙarafan nauyin da ke baya kuma suna da iyaka. Lissafin da na'urar take yi ke nan. Ita ba ta jin tsoron ɗan kwangila, ba ta kwaɗayin na goro.

Magabatanmu a sana'a ba su samu kwamfuta ba. Jadawalin nauyi ne kawai manne a gefen kujera, kuma yaro ba ya taɓa liba sai ya haddace shi. Maigidan da ya koya mini aiki ba ya yarda a saƙala ƙugiya sai an gaya masa nauyin kaya. In kankare ne, ya auna da kansa, kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi ya lissafa ta tan 2.4, sannan ya haɗa da nauyin ƙugiyar da sarƙoƙi. Yau fa? A dubi janareto a ce "zai ɗauka". Ina mutanen nan suka tafi suka bar mu?

Haka kuke yi wa ƙafafun mota. A fitar da su rabi saboda wuri ya yi kaɗan, a dasa su kan ƙasar damina ko bakin kwalbati ba katako a ƙarƙashi, sannan a bi jadawalin ƙafa cikakkiya. Wannan ganganci ne, ba gwaninta ba.

Ku tuna Juma'a, 11 ga Satumba 2015, da wata kiren mai tafiya kan sarƙa ta faɗo a Masallacin Harami cikin iska da ruwan sama, mutum 111 suka rasu. Bincike ya nuna an bar hannunta a miƙe, ba a sauke shi yadda maƙeranta suka tsara ba. Ƙa'ida aka bari.

Ku yi haƙuri in na zafafa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na san matsin da kuke sha, kuɗin haya na tafiya, mai aiki na tsaye a kanku. To, ku ce masa a matso da mota, ko a raba kayan, ko a nemo babba. Ku kwance wayar nan daga makulli tun yau, domin leburan da ke riƙe da igiya a ƙasa amanarku ne.

Allah ya tsare ku, ya sa albarka a neman halalinku.

Wassalam,
Ubanku a sana'a