Jos: Wa inshorar Naira 15,000 take karewa?

Tun daga ranar 1 ga Fabrairun 2025, lokacin da rundunar 'yan sanda ta fara tilasta wa direbobi mallakar inshorar mota, da yawa daga ma'aikatan tarayya a Jos na ɗaukar takardar a matsayin abin nuna wa jami'i a shingen bincike. Farashinta Naira 15,000 ne ga motar gida, kamar yadda hukumar NAICOM ta ƙayyade daga Janairun 2023, kuma tana biyan diyyar dukiyar wanda aka yi wa ɓarna har Naira miliyan 3. Mai motar kuwa ko sisi ba zai samu ba. In birki ya tsinke a gangaren Hawan Kibo a hanyar Abuja, asarar motar tasa ce shi kaɗai.

Cikakkiyar inshora ce ke ɗauke wannan nauyi, sai dai ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Motar Naira miliyan 8 za ta ci Naira 400,000 a shekara, kusan ninki shida na mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Ga mai tsohuwar mota da kanikawa suka saba da ita, lissafin ba ya fita. Ga wanda bai gama biyan bashin motarsa ba, ya fita.

Akwai kuma sharaɗin da ya shafi Jos musamman. Sau da yawa yarjejeniyar ba ta haɗa da ɓarnar tarzoma, sai an ƙara kuɗi. A garin da ya ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, wannan layi ne ya cancanci a fara karantawa kafin a sa hannu.