Na'urar GPS Ta Fi Wayar Salula Ga Ma'aikacin Karkara

Duk ma'aikacin da hukuma ta tura Nasarawar Burkullu, ko ƙauyukan Anka da Gummi, don auna iyakar gona ko burtali, ya kamata a ba shi na'urar GPS ta hannu, domin kuskure kaɗan kan jawo rigimar manoma da makiyaya. Gaskiya ne wayar salula tana gane wuri ko babu sabis, amma taswirarta sai an sauko da ita tukuna, abin da ya gagara ko a Gusau cikin Satumban da aka katse layukan waya a Zamfara, a 2021. Ga kuma matsalar caji inda babu lantarki, alhali ƙananan batiran na'urar ana samunsu a kasuwar ƙauye.