Garin neman gira an rasa ido: man da ke kwantar da garkuwar fata magani ne, ba hajar tebur ba

Duk wanda ya ratsa kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko Katako ta birnin Yamai, ba zai rasa ganin tebur ɗin nan ba: sabulu a gefe, turare da kwalli a gefe, a tsakiya kuma ƴan kwalaye na man shafawa masu ƙananan rubutu da Faransanci ko Ingilishi. Mai tebur bai taɓa zama ajin koyon aikin likita ba, amma da ganin fuskar mai saye ya gama bincike: wannan na ƙaiƙayi ne, wannan na ƙuraje, wannan kuwa na hasken fata. Ba a tambayar ordonansi, ba a tambayar shekarun mai ciwo, kuɗi hannu, magani aljihu. Alhali a cikin waɗannan kwalaye akwai magungunan da manyan likitocin fata ba su rubuta su sai sun duba mai ciwo da idonsu, sun kuma yanka masa ranar dainawa.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin yadda man ke aiki. Fata ita ce ganuwar jiki, kuma a cikinta Allah Ya ajiye dogarai masu tare ƙwayoyin cuta. A wasu cututtuka, kamar wanda likitoci ke kira egzema, dogaran ne da kansu ke wuce gona da iri, su tayar da kumburi da ƙaiƙayin da ke hana yaro barci. Aikin man shi ne ya kwantar da su. Cikin ƴan kwanaki ƙaiƙayi ya lafa, fata ta yi laushi, mai ciwo ya yi hamdala. Sai dai garin da dogaransa suka yi barci, ƙofarsa a buɗe take ga kowane ɓarawo. Ke nan man da ya warkar da wani a mako biyu, shi ne zai nakasa wani a wata shida.

Iri biyu ne suka fi shahara. Na farko dangin kortizon ne, kamar betametazon da kulobetazol, wanda aka fi sani da sunan Dermovate, kuma yana cikin mafiya ƙarfi a danginsa. Na biyu shi ne takrolimus, mai sunan kasuwa Protopic. Tarihinsa kaɗai ya isa ya sa mutum ya shiga taitayinsa. A 1984 aka gano shi a ƙasar Japan, daga wata ƙwayar halitta da ke cikin turɓaya, kuma aikinsa na farko shi ne hana jikin wanda aka yi wa dashen hanta ko ƙoda ya ƙi sabuwar gaɓar. Daga baya ne aka mai da shi man shafawa: Japan ta amince da shi a 1999, Amurka a 2000, Turai a 2002. A 2006 hukumar magunguna ta Amurka ta tilasta a buga babban gargaɗi a takardarsa, domin an sami ƴan ƙalilan daga masu shafa shi da ciwon daji. Ba a tabbatar cewa man ne sanadi ba, amma hukumar ta ce a yi amfani da shi na ɗan lokaci, ba shafa ta kullum ba iyaka.

Ƙa'idojin amfani da shi ba su da wuyar riƙewa. Takrolimus yana zuwa da ƙarfi biyu, 0.03% da 0.1%. Yaro daga shekara 2 zuwa 15 mai sauƙin kawai ake ba shi. Wanda bai kai shekara 2 ba, ba a shafa masa. Ana shafa shi sama-sama, sau biyu a yini, a daidai wurin ciwo, a wanke hannu bayan an gama, kuma ba a naɗe wurin da leda ko ƙyalle mai hana iska. Ba a sa shi a kan gyambo, ko ƙurji mai ruwa, ko fatar da ke zubar da mugunya. Wanda garkuwar jikinsa ta riga ta raunana, kamar mai ɗauke da sida, kada ya kusance shi sai da izinin likita. Mace mai ciki ko mai shayarwa ita ma haka. A kwanakin farko yana raɗaɗi da ɗumi a fata, wannan sananne ne kuma yakan wuce. Mai shafa shi ya kare wurin daga rana, wanda a ƙasar da ranar bazara ke dafa ƙwai a Tawa ba ƙaramin sharaɗi ba ne. In an yi makonni ba sauƙi, likita ake koma wa, ba a ƙara yawan shafa.

Kulobetazol kuwa ya fi bukatar linzami. Ba a wuce giram 50 a mako, ba a zarce mako biyu zuwa huɗu a jere ba tare da likita ya sake dubawa ba, kuma fuska da hammata da matsematsi ba wurinsa ba ne. Awonsa ma a yatsa yake: abin da aka matso daga kan manuniya zuwa gaɓarta ta farko, wajen rabin giram, ya isa shafe faɗin tafin hannu biyu na babban mutum.

To, wace ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji mai tebur ya taɓa faɗa wa mai saye? Uwa ta kawo ɗanta da makero a ka, ko ƙazuwa a tsakanin yatsu, a miƙa mata kortizon. Ƙaiƙayi ya kwanta, ta ɗauka an warke, alhali cutar ta sami fili ne, tana yaɗuwa a ɓoye, ta sake kama har likitan da za a kai wa daga baya ya sha wahalar gane ta. Ita kuwa ƙazuwa ta bi tabarma ta kama gida duka.

Mafi muni shi ne abin da ake yi da sunan kwalliya. Kulobetazol yana kwashe launin fata, wannan kuwa illa ce daga illolinsa, amma ita aka mayar abin talla. Ana zuba shi cikin man shafawa na yau da kullum, a shafe jiki tun daga goshi har tafin ƙafa, safe da dare, shekara da shekaru. Sakamako ba ya ɓuya: fata ta yi siriri kamar takarda, nankarwa mai faɗi ta tsattsage cinya da damtse kuma ba ta gogewa har abada, ƙuraje su cika fuska, rauni ya ƙi warkewa, har ɗinkin tiyatar haihuwa ya riƙa ba likita wahala. Maganin ba ya tsayawa a fata; yana ratsawa cikin jini, ya jawo hawan jini da ciwon sukari da kumburin fuska, in kuma ana shafa shi kusa da ido ya taɓa gani. Akwai wani tarko kuma: jikin da ya daɗe yana samun kortizon daga waje yakan rage yin nasa, saboda haka wadda ta shekara tana shafe jiki da shi, in ta yanke rana ɗaya, tana iya faɗuwa ciwo mai tsanani. Sai a hankali ake janye shi, a hannun likita. Wane mai tebur ya san wannan?

Laifin farko na mahukunta ne. Kwalayen nan ba daga sama suka faɗo ba. A mota suka shigo, suka wuce shingen duwan, aka baje su da rana tsaka a kasuwannin da ake karɓar kuɗin tebur kowace rana. Hukumar da ta iya gano mai tebur ranar karɓar haraji, ta yaya ya ɓace mata ranar binciken magani? Maganin da aka rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 25 ko 30 yana kwance a kan faranti cikin zafin da ya haura 40, kuma babu mai iya rantsuwa cewa abin da ke ciki shi ne abin da aka rubuta a waje.

Ba kuwa yau ƙasar nan ta fara ɗanɗana kuɗar wannan sakaci ba. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, magungunan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, talaka ya juya wa farmasi baya ya nufi faranti. A 1995, ana tsakiyar annobar sanƙarau, an yi wa mutane fiye da 50,000 allurar rigakafin jabu. A watan Janairun 2020 Nijar na cikin ƙasashen Afirka bakwai da suka yi alkawari a Lome cewa za su mai da fataucin jabun magani babban laifi. Kodibuwa ta haramta man sauya launin fata mai ɗauke da kortizon tun 2015. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ayyana lamarin shafe-shafe a matsayin matsalar gaggawa a 2023. Alkawari an yi, misali an gani. Abin da ya rage shi ne a ga tebur ya canza.

Za a ce: talaka fa? Likitocin fata ƴan kaɗan ne, akasarinsu kuma a Yamai suke. Mutumin Tanut ko Dakwaro da ɗansa ke susa har jini, ina za shi? Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce babbar tuhuma a kan masu mulki, ba hujjar wanke tebur ba. Wanda ya rasa rijiya ba a ba shi guba don ƙishirwa ta dame shi. Arahar da ake taƙama da ita ma ta ƙarya ce: ɗari biyar ta yau ita ce jakkunan da za a zuba gobe wajen ciwon sukari, wanda ba ya sallamar mai shi.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babban ɗan kasuwar da ke sauke waɗannan kwalaye katan-katan, wanda ba zai yarda a yi masa algus a buhun gero ba, ya tambayi kansa ko zai so a sayar wa ɗiyarsa abin da yake sayar wa ɗiyan mutane. Ma'aikacin gomnati da ya iya karatu, yana iya karanta takardar da ke cikin kwali, amma ya miƙa wa iyalinsa kuɗin mai bai tambayi wane iri ba ne, shi ma yana da kaso. Haka mazan da ke yaba farar fuska a zaure, su dawo suna zagin masu shafe-shafe a masallaci: su ne suka buɗe kasuwar.

Abin da ya kamata a yi ba ya bukatar taron ƙasa. Ma'aikatar kiwon lafiya ta tsaya kai da fata cewa kulobetazol da betametazon da takrolimus ba su fita sai daga farmasi, sai da ordonansi, farmasin da ya saɓa kuma a hukunta shi kafin mai faranti. Duwan ta tare kayan a hannun mai katan dubu, maimakon jandarma su riƙa kora yaron da ke yawo da kwali goma. A horar da ma'aikatan gidajen likita na karkara su bambanta egzema da makero da ƙazuwa, a kuma wadata su da magungunan waɗannan cututtuka a farashin da manomi zai iya. Gidajen rediyo su faɗi ƙa'idojin nan da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, malamai kuma su taɓo su a wa'azi.

Man nan ba abokin gaba ba ne. Yaron da egzema ta hana barci ya san darajarsa, uwarsa ma ta sani. Amma wuƙar da mahauci ke cin abinci da ita, ba a barin ta a hannun yaro. Muddin maganin da aka fara yi don masu dashen ƙoda da ƴan uwansa na dangin kortizon za a iya sayen su kamar goro, ba tambaya ba awo, to kowace fatar da ta lalace a ƙasar nan shaida ce a kan waɗanda suka gani suka kau da kai.