Kansar da ta kai ƙashin baya: Me ya sa likitoci ke ƙiyasta kwanakin majinyaci?

A Harra ta Yamma, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Madina, birnin da Hausawa suka daɗe da zama a cikinsa, ba kasafai ake tambayar kwanakin da suka rage wa mara lafiya ba. Ajali na Allah ne.

Sai dai idan kansar mama, ko ta huhu, ko ta furostet da ke kama maza ta bazu zuwa ƙashin baya, likita ba ya iya kauce wa tambayar. Ƙarin yakan danne laka har ƙafafu su shanye. Tiyata na iya ceto su, amma babban aiki ne, kuma ba ta da amfani ga wanda ba zai kai lokacin murmurewa ba.

Yadda ake lissafin

Ma'aunin da ya fi shahara shi ne na likitan Japan Yasuaki Tokuhashi, wanda ya fito a 1990 aka sabunta shi a 2005. Yana duba abubuwa 6: ƙarfin jikin majinyaci, inda kansar ta faro, yawan gaɓoɓin ƙashin bayan da ta kama, sauran ƙasusuwa, kayan ciki irin su hanta da huhu, da kuma girman shanyewar jiki.

Maki 0 zuwa 8 na nuna ƙasa da wata 6, maki 12 zuwa 15 kuma shekara guda ko fiye.

Wani binciken Amurka da mujallar Lancet ta wallafa a 2005 ya nuna tasirin wannan hukunci: kashi 84 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata da gashin na'ura sun iya tafiya, yayin da kashi 57 suka iya cikin waɗanda aka yi wa gashi kaɗai. An zaɓi waɗanda ake sa ran za su kai aƙalla wata 3 ne kawai.

Inda ma'aunin ya gaza

Ma'aunin ya girmi magungunan yau. Kansar huhu ba ta da maki ko ɗaya a cikinsa, alhali sababbin magungunan da ke bin ƙwayar halittar cutar sun tsawaita rayuwar wasu masu ita da shekaru. Dogaro da tsohon lissafi kaɗai na iya hana tiyata ga wanda ya cancance ta.

Ga iyalan Madina, ƙiyasin ya wuce batun asibiti. Da shi dattijo zai yanke ko ya koma Kano ya gana da dangi tun yana iya zama a jirgi, ko ya tsaya da fatan makwanci a Baƙi'a. Idan 'ya'ya suka ɓoye masa bayanin likita don tausayi, sun karɓe wannan zaɓi daga hannunsa.