Barasar da ke ɓoye a kwalbar magani

Tun 1968 likitan yara Paul Lemoine na Faransa ya lura cewa jariran matan da suka sha barasa da juna biyu suna zuwa da ƙaramin kai, siririn leɓen sama da raunin ƙwaƙwalwa. A 1973 likitocin Amurka suka tabbatar da haka. Barasa na bi ta mabiyiya ta shiga jinin ɗan tayi, alhali hantarsa ba ta ƙosa ta tace ta ba. Illar ba ta warkewa.

Mutanen Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa na iya cewa wannan ba matsalarsu ba ce, tunda Jigawa na bin shari'ar Musulunci tun 2000. Sai dai wasu jiƙe-jiƙen kwalba da ake tallatawa a kasuwa, na basir ko ciwon baya, da barasa ake haɗa su. Mai ciki tana sha da zuciya ɗaya, ba ta sani ba.

Ya wajaba ma'aikatan awo su riƙa tambayar kowace mace abin da take sha, cikin sirri da mutuntawa. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, kuma ta shiga kasuwannin ƙauye ta binciki waɗannan kwalaben.