Makuro: yaron shago mai sauri da ba ya tambaya

Ƴan uwa ƴan kasuwa na Maraɗi da Ɗan Isa, da Birnin Ƙonni da Illela, da Gaya da Kamba, yau maganarmu kan takardu ne. Yawancinmu ba mu buga takarda da hannunmu. Muna kai jerin kaya, ko rasiɗi, ko wasiƙar ciniki wajen mai buga takardu, mu biya, mu karɓa, mu wuce. Ra'ayina shi ne ya kamata mu san abin da kwamfutarsa ke yi wa takardunmu, don kuɗinmu ne ke ciki.

A cikin Word akwai hanyar nemo kalma a musanya ta da wata. In aka danna Ctrl da H tare, sai a rubuta abin da za a cire da abin da za a sa. Makuro kuwa jerin umarni ne da ake naɗa sau ɗaya, kamar yadda ake naɗar murya a kaset. Bayan nan, danna maɓalli guda ya isa kwamfuta ta maimaita musanya goma ko ashirin a jere. LibreOffice, wanda kyauta ne, shi ma yana da irinsa.

Amfaninsa a bakin iyaka a fili yake. Nijar na rubuta ƴ, Najeriya na rubuta 'y. Mai lissafi da Ingilishi yana rubuta 1,500.50, mai lissafi da Faransanci kuwa waƙafi yake sawa a gurbin ɗigon nan. Masu bugu da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ a allon haruffansu, sai su buga k' da d' da b', makuro ya gyara su a ƙarshe. Ga kuma farashi: tun da Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira a watan Yuni na 2023, jerin farashin da aka buga da naira ba ya daɗewa bai tsufa ba. Aikin da zai ci rabin yini, makuro zai gama shi kafin shayi ya huce.

To amma makuro ba ya karanta ma'ana, haruffa kawai yake gani. Ka ce ya mai da 500 ya zama 600, sai 1500 ta koma 1600, 5000 ta koma 6000, har lambar wayarka ta canza in akwai 500 a cikinta. Ka ce ya mai da "mai" ya zama "man gyaɗa", sai ya shiga cikin Maigatari da Maiduguri ya ɓata su. Akwai zaɓin da ke sa ya taɓa cikakkiyar kalma kaɗai, wanda zai tsirar da sunayen garuruwan, amma "mai shago" ba zai tsira ba. Makuron da ke mai da d' ya zama ɗ kuwa, in ya faɗa takardar da ke da Faransanci, "d'Agadez" ma sai ya lalata ta. Irin wannan kuskure a takardar da za a nuna wa duwan, ko wadda abokin ciniki zai riƙe a matsayin shaida, ba abin dariya ba ne.

Akwai haɗari na biyu. Makuro ƙaramar manhaja ce, don haka mugu na iya ɓoye cuta a cikinsa. A watan Maris na 1999, cutar kwamfuta da ake kira Melissa ta bazu a duniya ta cikin takardar Word mai makuro. Shi ya sa a 2022 kamfanin Microsoft ya fara toshe makuron da ke cikin fayilolin da aka sauko da su daga intanet. In wani ya aiko maka "jerin farashi" yana cewa sai ka kunna makuro kafin ka gani, kar ka kunna. Jerin farashi ba ya bukatar makuro kafin a karanta shi.

Wasu za su ce gara a bar shi kwata-kwata. Ban yarda ba. Mai gyara da hannu shi ma yana tsallake layi in ya gaji, kuma aikinsa ya fi tsada. Abin da ya dace shi ne mu sa wa mai bugu sharaɗi huɗu. Ya ajiye kwafin asali kafin ya taɓa komi. Ya duba adadin musanyar da Word ya ce ya yi: in kaya 12 ne ya ce 40, akwai ɓarna. Ya bar makuro ga haruffa da sunaye, farashi kuwa a canza shi ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya karanta maka lambobin da baki kafin ka sa hannu.

Ba mu karɓar canji sai mun ƙirga. Takarda ma kar mu karɓe ta sai mun duba, don sauri kan haifi nawa.